Yadda Ake Tattara Tsofaffin Wasiƙu da Kayan Adaka Don Tarihin Gari

In ka nemi tarihin ƙaramin gari a ƙasar Ringim ko Gumel ko Ɗambatta a rubuce, da wuya ka samu abin da ya wuce jerin hakimai da shekarun da kowa ya yi a kan sarauta. Wanda ya haƙa rijiyar kasuwa, da shekarar da mutane suka baro tsohon gari suka dawo bakin layin dogo, da 'yan garin da suka tafi Makka a ƙasa suka maƙale a Sudan, duk waɗannan suna cikin adakar tsofaffi, a cakuɗe da rasiɗin haraji da zanen aure. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan adakoki a gidajen dangi da na maƙwabta. Ga yadda nake yi.

Kayan aiki

- Waya mai kyamara, cike da caji, da memori na daban.
- Littafi mai kauri irin na rajistar makaranta, da fensir. Biro ba ya kusantar tsohuwar takarda.
- Farar takardar fotokwafi. Kowace za ka ninke ta biyu ta zama rigar wasiƙa guda.
- Buroshi mai laushi, sabo, irin na aski. In babu, gashin zabo mai tsabta ya wadatar.
- Farin ƙyallen auduga, akoko ko alawayyo, wanda aka wanke har sitacinsa ya fita.
- Rula, takunkumi, sabulu.
- Akwatin ƙarfe mai murfi da bulo huɗu.
- Goro, ko sabulu da sukari, na gaisuwar tsofaffi.

Salatif da gam da ƙusar maƙala takarda da kyauron ɗaure kuɗi, ka baro su a gida. Kofin shayi da ruwan leda ma a waje za su tsaya.

1. Nemi izini, ka zaɓi lokaci

Adaka tana da mai ita, kuma sau da yawa mai ita ba maigida ba ne. Wata gwaggo ce ko kaka da ke riƙe da mabuɗin a bakin zanenta. Ka fara gaida babban gida, ka gaya masa abin da ya kawo ka, sannan ka shiga wurin tsohuwa. Abu biyu za ka faɗa tun a zaman farko: ba za ka fita da komai daga gidan ba, kuma ba maganar gado ce ta kawo ka ba. Wannan na biyun shi ne babba. Duk inda aka ji ana tonon takardu, abin da ke faɗowa a ran mutane gona ce da iyaka, kuma in zargin nan ya shiga, an rufe adakar ke nan. In mace ce ke aikin, ko kana da ƙanwa da za ta raka ka, ya fi sauƙi, don akwai ɗakunan da namiji baƙo ba zai zauna a ciki ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Da damina takarda ta sha laima, tana yagewa kamar ganye. Tsakiyar hunturu kuwa ta bushe ƙayau, kana buɗe ninki sai ta karye, ga ƙura.

2. Fara da bakin tsohuwa

Nan masu farawa suka fi yin asara. Sai su duƙufa kan ɗaukar hoto, su ce daga baya a tambayi Iya. Takarda za ta iya jiran baɗi, Iya kuwa ba wanda ya ba ka tabbacinta. Saboda haka tun kafin a ɗaga murfi, kunna naɗar murya da izininta, ka faɗi kwanan wata da sunan gari da na mai magana, sannan ka ajiye wayar kusa da ita ka manta da ita.

Kada ka ce, “Iya, a ba mu tarihin garin nan.” Za ta ce ita ba ta san tarihi ba, a je wurin liman. Miƙa mata abu guda ka ce, “Iya, wannan kwanon fa, wa ya kawo miki shi?” Daga kwanon za ta kai ka ranar ɗaurin aurenta, da wanda yake dagaci a lokacin, da inda kasuwa take ci kafin a tashe ta. In ta kauce ta shiga wani labari, ƙyale ta. Kuma kada ka gyara mata magana ko da ka tabbata ta haɗa sarakuna biyu wuri guda. Ka rubuta a littafinka, ka bincika daga baya.

3. Buɗe adaka ba tare da hargitsa ta ba

Wanke hannu ka bushe shi sarai. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Ɗauki hoton cikin adakar yadda ka same ta, sannan ka riƙa fito da kaya ɗauri-ɗauri, kana ɗaukar hoton kowane ɗauri kafin ka kwance shi.

Kada ka ware wasiƙu gefe, rasiɗai gefe, hotuna gefe don ya yi kyaun gani. Wanda ya ɗaure takardu biyar da zare guda yana da dalilinsa. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, in an ɗaure ta da rasiɗin 1962, rasiɗin ne shaidarta, kana raba su ka kashe shaidar. Haka ambulan: kada ya rabu da wasiƙarsa, don hatimin gidan waya da ke kansa ya fi abin da ke ciki faɗin gaskiyar rana da gari.

In ka ci karo da tadarishi ko gafaka mai warƙoƙin littafi, bar su a jerensu. Malaman da ba sa saka lambar shafi, kalmar farko ta warƙa mai zuwa suke rubutawa a ƙasan wadda ta gabace ta. In warƙoƙin sun riga sun cakuɗe, da wannan kalmar malami zai mayar maka da su. Laya kuwa ba a farke ta. Ɗauki hotonta a ɗinke, ka tambayi wanda aka yi wa.

4. Sharewa da warware ninki

Share ƙura da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, a hankali. In akwai funfuna, saka takunkumi, ka fita da takardar waje ta sha iska a inuwa har ta bushe, sannan ka share, ka ware ta daga sauran. Cire tsohuwar allura ko ƙusa mai tsatsa in za ta fita ba tare da yaga ba. In ta ƙi, bar ta.

Kada ruwa ya taɓa rubutun ajami. Tawadar gawayi da ƙaro ita ce dai wadda ake wankewa daga allo, ɗigo guda ya isa ya tafi da layi. Takardar da ta ƙi buɗuwa kuma kada ka tilasta mata. Samo babbar roba mai murfi, ka ajiye ƙaramin kofin ruwa a gefe guda, ka ɗora takardar a kan faifai a ɗaya gefen yadda ba za su haɗu ba, ka rufe. Bayan awa biyu ka duba. In ta yi laushi, buɗe ta sannu, ka sa ta tsakanin fararen takardu, ka danne da littattafai kwana biyu. Ba a yi wa hoto wannan dabara, ba a yi wa takarda mai funfuna.

Yanzu ga gargaɗin da na fi nanatawa. Kada ka kai tsohuwar takarda shagon da ake liƙe takardu cikin leda da zafi. Mutane suna yi da kyakkyawar niyya, amma garin neman gira ake rasa ido: ledar ba ta ɓantaruwa har abada, zafi da gam suna cin takardar daga ciki, kuma duk wani gwani da zai iya gyara ta nan gaba an ɗaure masa hannu. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru ya zama ruwan ƙasa ya bar tabo a kan rubutu. Takardar da ta yage, haɗa gutsattsarinta cikin riga guda ka bar su haka. Hoton da ya manne da gilashin firam, ɗauke shi hoto ta cikin gilashin, kada ka ɓamɓaro.

In ambaliya ta riga ta shiga ɗakin, irin wadda ta ci garuruwan bakin kogin Haɗejiya a 2022, shimfiɗa takardun ɗai-ɗai a kan ƙyalle a inuwa mai iska. Ban da rana, ban da dutsen guga. Waɗanda suka manne da juna a bar su su bushe tukuna.

5. Ka ba kowane abu lamba

Ka ba gidan harafi biyu, adaka lamba, ɗauri lamba, takarda lamba. Misali GL/1/3/7: gidan liman, adaka ta farko, ɗauri na uku, takarda ta bakwai. A jikin rigar za ka rubuta da fensir, ba a jikin wasiƙar ba. A rajista kuma kowace lamba ta samu layinta: mene ne, daga wa zuwa wa, daga wane gari, ajami ne ko boko ko Larabci, shekara, da wanda ya ba ka bayani. Abin da ka karanta da idonka daban, abin da aka gaya maka daban, abin da ka yi hasashe ka sa masa alamar tambaya. Wanda zai gaji rajistar nan ba zai iya rarrabe su ba in kai ba ka rarrabe ba.

6. Ɗaukar hoto

A inuwar zaure ko gindin bishiya da hantsi, fitilar kyamara a kashe. Shimfiɗa takardar, ka ajiye rula a gefenta da 'yar takarda mai lambarta, ka riƙe wayar daidai saman ta, ba a karkace ba. In hannunka na rawa, ɗora wayar a bakin kujera yadda kyamarar za ta leƙo ƙasa. Ɗauki gaba da baya, ko da bayan ya yi kama da fari, da ambulan fuska biyu. Kafin ka ɗauke takardar, buɗe hoton ka faɗaɗa ka ga ko ɗigon haruffa na fitowa, don a ajami ɗigo guda ke raba harafi da harafi.

A daren ranar ka kwafe hotunan wuri uku: memori, wayar wani ɗan'uwa, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive in ka samu sabis. In ta WhatsApp za ka tura, tura su a matsayin fayil, don in ka tura a matsayin hoto yana rage musu kaifi.

7. Karantawa

Rubutun ajami hannu-hannu ne, wanda ya iya karatun Alƙur'ani bugun Warshu ma yakan tsaya cak a gaban wasiƙar wani bafatake. Nemi dattijon malami ko tsohon da ya taɓa aiki a kotun alƙali, ka kai masa hoton, ba ainihin takardar ba. Ka ce, “Allah gafarta Malam, a karanta mini yadda yake, ko da akwai kuskure.” Malamai suna da halin gyara jimla suna cikin karatu. Naɗi muryarsa, sannan ka juya zuwa boko layi bisa layi. Inda gara ta ci, sa ɗigo uku, kada ka cike da ka.

Yawancin wasiƙun da doguwar gaisuwa suke farawa, ta so da yarda da aminci, sannan “bayan haka”, su rufe da “haza wassalam”. Kada ka tsallake jerin gaisuwar ƙarshe, inda ake cewa a gai da wane da wance. Wannan jerin ƙidayar gida ce: ya nuna wa ke raye a shekarar, wa ya yi aure, wa ba a ambata ba. Ka kuma tuna mai wasiƙa ba lalle shi ya rubuta ba. Da yawa shifta suka yi wa malamin unguwa ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, shi ya sa za ka ga hannu guda a gidaje goma.

8. Gano shekara

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi daɗi. Mafi yawan takardun ba kwanan wata, sai dai ka kewaye su da shaidu.

Duba kuɗi. In ana maganar fam da sule da sisi da taro, ko kan sarkin da ke manne a ambulan yana da farashin sule da kwabo irin na da, kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta shigo, fam guda ya koma naira biyu. Amma hattara, bakin mutane bai canja rana guda ba, tsofaffi sun ci gaba da kiran naira biyu fam shekara da shekaru. Kan sarki ya fi kalmar cikin wasiƙa ƙarfin shaida. In hoton Sarki Joji na shida ne, zamaninsa 1936 zuwa 1952. Na Sarauniya Elizabet ya biyo baya.

Duba hatimi da kan takarda. Lardin Kano na nufin kafin 1967, Jihar Kano daga 1967, Jigawa kuwa sai daga 27 ga Agusta 1991. Hatimin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, bai wuce gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ba. Ƙasashen Ringim da Dutse a ƙarƙashin En'en Kano suke, Haɗejiya da Gumel da Kazaure kowace da tata, don haka hatimin yana gaya maka ma ƙasar da mutum yake biyan haraji. In rasiɗin haraji ne ko na jangali kuwa, ka tuna a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su. Ni a wurina waɗannan 'yan rasiɗai da ake raina wa sun fi wasiƙu da yawa amfani, don suna da suna da unguwa da shekara da adadi, kuma in ka jera na shekara goma za ka ga lokacin da garken gidan ya ƙaru da lokacin da ya karye.

Duba abin da aka ambata. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, layin da ya ratsa Ringim da Malam Madori zuwa Nguru an kammala shi 1930. Wasiƙar soja daga ƙasar Bama, wato Burma, tana cikin yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare 1945. Katin jam'iyyar NEPU ba zai riga 1950 ba. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu 1953, Sarki Sanusi na ɗaya ya sauka 1963, aka naɗa Muhammadu Inuwa, sannan Ado Bayero duk a shekarar. An kashe Sardauna 15 ga Janairu 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Wasiƙar ɗan'uwa daga Kumasi ta ƙasar Gana mai cewa an ba baƙi wa'adi su fita, ƙarshen 1969 ce. Komawa tuƙin hannun dama 1972, babban fari 1972 zuwa 1974, canjin kuɗin Buhari Afrilu 1984. Rubuta irin wannan jeri a bangon rajistarka, ka riƙa ƙara na garinku: shekarar gobarar kasuwa, shekarar da aka gina firamare. Da shi za ka fassara maganar tsohuwa in ta ce “ina goyon wane aka canja kuɗi”. Sai dai ka tambaye ta wane canjin, don an yi wani a 1968.

In shekarar Hijira aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1380 ta ba ka 1960, da kuskuren da bai wuce shekara guda ba. Wani lokaci malami da haruffa yake rubuta shekarar, wato ramzi, a ƙarshen littafi ko waƙa. A lissafin malamanmu shinun dubu ne, ra ɗari biyu, sinun ɗari uku, saɓanin lissafin Gabas. Kai wa malami ya warware maka. Sannan ɗaga tsohuwar warƙa ka duba ta a haske. In ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake ke shigo da ita Kano ta Turabulus. Wannan ka riƙe ta da hannu biyu.

9. Kayan da ba takarda ba

Anini mai huda, lambar soja, kumbo, tasa, mazari, tsakiya da murjani, mudun awo, tsohon fasfon hajji, shaidar Yaƙi da Jahilci. Kowanne lamba, hoto da rula, da labarinsa. A ɗaura lambar da zare, kada a rubuta a jiki. Kada ka goge tagulla da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, busasshen ƙyalle ya isa. Riga ko zane a naɗe su cikin akoko, ba a rataye ba.

Kaset na buƙatar kulawa ta musamman, don bayan wasiƙa da shi 'yan ci-rani da mazauna Makka suke aiko da saƙon murya. Karya 'yan ƙofofin nan biyu na samansa don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure. Juya zaren da fensir ka ga yana tafiya. Gwada rediyon da wani kaset marar amfani tukuna, sannan ka saka na gaske a ɗaki shiru, waya na naɗa a gaban lasifika tun daga juyin farko.

10. Ajiya

Jera rigunan a kwance cikin akwatin ƙarfe da aka shimfiɗa wa akoko, manya a ƙasa. Kada ka zuba su cikin leda ka ƙulle, leda na tara gumi. Ɗora akwatin a kan bulo, ka janye shi daga bango kamar taƙi guda saboda gara, nesa da madafa da inda rufi ke yoyo. A garin da ruwa ke shiga gida, a kan maratayi ko saman kabad. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle a kusurwa yana taimakawa wajen ƙwari, muddin bai taɓa takarda ba. Kada a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ciki. A buɗe akwatin sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta.

Ka roƙi mutanen gida abu guda: in za a ƙone ko a binne tsofaffin takardu masu ayoyi, kamar yadda aka saba don girmamawa, a kira ka ka duba tukuna. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da bashi a gefen warƙa ko bayan littafi.

11. Haɗa gida da gida

Adaka guda tarihin gida ce. Sai ka yi biyar ko shida za ka fara ganin gari: sunan dillalin gyaɗa guda a rasiɗan gidaje daban-daban, ko wasiƙu uku daga Wad Madani ta Sudan da ke nuna ayari guda suka bi. Buɗe shafi ga kowace shekara a wani littafi, ka riƙa zuba abin da ka samu tare da lambarsa. In takardu biyu sun saɓa, rubuta duka biyun.

Ba duk abin da ka karanta ne na yaɗawa ba. Takardar saki, ta bashi, ta jinginar gona, da wadda ta nuna kakan wani bawa ne da ya fanshi kansa, waɗannan suna iya kashe aure ko su tada shari'a yau ɗin nan. Ka yi musu rajista, ka gaya wa babban gida abin da ke ciki, shi da 'yan'uwansa su yanke wanda zai gani. Kada ko ɗaya ya hau Facebook ba da yawunsu ba.

In ka samu abin da ya fi ƙarfinka, kamar littafin hannu mai warƙa da yawa ko wasiƙa mai hatimin sarki, nemi shawarar masu aikin: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, duka biyun a Kaduna. Hoto za ka fara kai musu. In iyali sun yarda a ba da aron ainihin takardar, a rubuta yarjejeniya mai lambar kowace warƙa da ranar dawowa, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a matsayin shaida, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.